Rana Kyauta Ce, Batir Kuwa na Kuɗi Ne

Akwai wata magana da na gaji da ji, tun daga teburin mai shayi a Badarawa har tashar motar Ƙaura Namoda: wai sola "sa ka manta" ce. Ka biya sau ɗaya, a ɗora maka farantai bisa kwano, shi ke nan kai da kashe kuɗin wuta har abada, tunda rana ta Allah ce, babu mai kawo maka bil a kanta. Masu sayarwa suka ƙirƙiro zancen, masu saye suka haddace shi, kuma shi ne ke kashe kayan maƙudan kuɗi a gidajenmu.

Kwanan baya na je gai da kawuna bayan isha'i, na tarar da shi cikin duhu yana fama da mafici. Ga farantai huɗu a kan rufi, ga inbata a bango tana ta tsuwa, ga batura biyu a ƙasa waɗanda ko shekara biyu ba su cika ba. Na kwance murfin ɗaya na haska da fitilar waya. Ruwan ya ƙafe, dalmar ciki ta fito fili ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata kanwa. Na ce, "Kawu, yaushe rabon da a zuba masu ruwa?" Ya dube ni sheƙeƙe. "Ruwa kuma? Ɗan nan, batir na saya ko tunkiya?" Wanda ya haɗa masa kayan bai taɓa gaya masa ba. Na tambayi takardar garanti, ya ce, "Ai yaron ɗan mutunci ne, ya ce in wani abu ya taso in kira shi." Muka kira. Layin ba ya shiga.

Ban ga laifin kowa ba don ya koma sola. Wutar da kamfanin Kaduna Electric ke rarrabawa a Zamfara kowa ya san halinta a ƙauyuka. A 2021, lokacin da aka datse layukan waya aka kuma hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro, mai janareta ya gane kurensa. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Mai shagon caji, mai ƙanƙara, manomin rani a fadama, duk suka ɗaga kai suka dubi rana, kuma sun yi daidai.

Kayan dai huɗu ne: faranti mai karɓar haske, kwanturola mai daidaita caji, batir mai ajiya, da inbata mai juya wutar ta zama irin ta gida. A cikinsu faranti kaɗai ne ya yi kusa da wannan "sa ka manta" ɗin. Manyan kamfanoni kan ba shi garantin shekara 25, cewa ko a lokacin zai riƙa ba da wajen kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Wannan adadin ne dillali ke ɗauka ya lulluɓe sauran kayan da shi, kai kuwa ka taho gida kana murna ka sayi wutar shekara 25.

Batir mai ruwa ba ya jin wannan yaren. Ko an lallaɓa shi, 'yan shekaru yake yi, ba gommai ba. A yanayin zafi digiri 25 ake auna rayuwarsa, kuma masana sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin wajen digiri 10 a kan haka yana iya rage rabin kwanansa. To a tuna Afrilun Shinkafi da Zurmi, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, sannan a tuna inda muke ajiye shi: ƙuryar shago mai rufin kwano, babu taga, wani ma har buhu yake yafa masa wai kada ƙura ta taɓa shi. Gasa shi ake yi a hankali.

Sai kuma tatsa. Batir mai lamba 200Ah, bolt 12, yana ɗaukar abin da ya kai wat 2,400 na awa ɗaya, amma rabi ne naka. Rabin da ya rage nasa ne, da shi yake rayuwa. Mu kuwa sai inbata ta yi kuka ta ɗauke da kanta, a kashe a sake kunnawa don a ƙarasa kallon ƙwallo. A jona dutsen guga, a jona hita, maƙwabci ya jawo waya ta kan katanga, wai ai rana ce. Jakin da ake yi wa haka ma ba zai ga kaka biyu ba. In ya mutu kuma a ce "kayan yanzu ba su da kyau", ko a ce baki ne ya kama shi.

Farantin ma da ake yabo yana da nasa haƙƙi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na shafa masa ƙura kamar hoda, caji ya ragu, batir ya yi ta kwana da yunwa, wadda ita ma kisa ce. Na ga rijiyar burtsatse mai sola ta unguwa da wani mai hali ya gina, aka yi taro aka yi addu'a aka ɗauki hoto. Ruwa ya ja baya da bazara, injin da ke ƙasa, wanda masu aikin ke kira sumo, ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Ba a taɓa tara ko sisi don gyara ba, saboda an ce kyauta ce. Yau yara sun koma bin 'yan garuwa, tankin na tsaye tsuntsaye na sheƙa a ƙarƙashinsa. Akwai jabun kaya, akwai tsawa, akwai ɓarayin waya, amma sakaci ya fi su ɓarna nesa ba kusa ba.

Mu duba yadda wasu ke kula da na'urorinsu. A Ingila, inda sanyi ne abin tsoro, yawancin gidaje na da tukunyar gas mai ɗumama ɗakuna da ruwa, wadda suke kira boila. Mutane da yawa kan ɗaura yarjejeniya da kamfani irin British Gas: ka biya wani abu duk wata, su turo makaniki ya duba ta sau ɗaya a shekara, in ta lalace su gyara. Doka ta hana wanda ba shi da rajista yin sana'ar gyaran kayan gas. Amma su ma ba su tsira daga wayon 'yan kasuwa ba. Yarjejeniyar kan sabunta kanta, farashin shekara ta biyu ya ɗara na farko, wanda bai duba takarda ba ya yi ta biya. Abin ya yi ƙamari a inshorar gida da mota har hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi ta hana cajin tsohon abokin ciniki fiye da sabo daga Janairun 2022. Abu biyu nake so mu ɗauka daga wurinsu: na'ura tana da kuɗin ciyarwa duk shekara, kuma kafin ka sake ɗaura alkawari da mai gyara, ka zagaya ka ji ta bakin wasu.

Mu ba mu da irin waɗannan kamfanoni a Badarawa, amma muna da masu haɗa sola, kuma ana iya zama da su a yi magana ta fahimta. Kafin ka sayi komai, nemi farashi daga mutum uku aƙalla, a ce ɗaya a Ƙaura, ɗaya a Gusau, ɗaya a Sakkwato ko Kano, kowa ya rubuta maka sunan kamfanin kowane kaya da ƙarfinsa. Jimlar ƙasa ba ita ce abin dubawa ba. Araha ba ta ado. Wanda ya rage maka dubu hamsin wataƙila a kaurin waya ya cire ta, ko ya sa maka batir ɗan gwanjo da aka wanke aka liƙa wa sabuwar takarda. Ɗaga shi ka ji: na gaske mai 200Ah yana kai wajen kilo 60, mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa da wasa. Duba kwanan watan da aka ƙera shi, domin batir na tsufa ko a kan kanta yake.

Sannan ka yi lissafi da shekara. Misali kawai, a ce batir mai ruwa naira 300,000 ne kuma zai yi shekara 3: kana cin naira 100,000 ke nan duk shekara, sama da 8,000 a wata, ko ka sani ko ba ka sani ba. In na litiyom ya ninka shi uku a kuɗi amma ya yi shekara 10, ba ya kuma shan ruwa, shi ne mai arahar. Sai dai shi ma akwai jabunsa, kuma in ya samu matsala ba kowane makaniki ke iya buɗe shi ba. Wannan kuɗin na wata-wata a ware shi, ko a asusu ko a adashi. Rijiyar unguwa kuwa a sa ɗan abin da za a riƙa biya a kan jarka, a damƙa wa mutum biyu amintattu, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a.

Garanti kuma a rubuce. Ban san inda muka samo wannan kunyar ta neman takarda ba, har mutum na ganin rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, malamanmu na fiƙihu kuma sun yi bayanin haƙƙin mayar da kaya in an sami aibi. Takardar ta faɗi wata nawa ne, me ta ƙunsa, me ba ta ƙunsa ba. In batir ya mutu, sabo za a ba ka ko gyara za a yi? Wa zai biya kuɗin motar kai shi Kano? Tsawa na ciki? Yawanci ba ta ciki, gara ka sani tun yau. A rubuta lambar jikin kowane kaya a rasit, ka ɗauki hotonsa a waya.

Tambayar da ta fi kowace nauyi a yankinmu ita ce wa zai zo. Kowa ya san halin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ke shiga wasu lokuta. Ƙwararren da ke Gusau, komai iyawarsa, in ba zai iya shigowa ba sai bayan wata guda, yaron garinku da ya koyi aikin sosai ya fi maka shi. Ku yi yarjejeniya ta shekara: ya zo sau uku ko huɗu, ya duba ruwa, ya ɗaure wayoyin da suka saki, ya goge tsatsar kan batir, ya auna caji. In shekara ta cika kada a sabunta don kunya. Duba sau nawa ya zo, tambayi abin da wasu ke karɓa, sannan ku sake ciniki. Abin da ba ya buƙatar makaniki kuwa ka yi da kanka: goge farantai da sassafe kafin su yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi, a zuba wa batir tataccen ruwansa da ake sayarwa. Ban da ruwan rijiya, ban da fiya wata, ban da ƙarin asid.

In ya mutu kuma, don Allah kada a fasa shi a tsakar gida don a ciri dalma a sayar wa 'yan gwangwan. Mu Zamfarawa ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, bayan yara sama da 400 da ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. A mayar wa dillali da shi a rufe, a rage maka kuɗin sabo. Na kawu haka muka yi da su ranar kasuwar Shinkafi, muka ɗora su a bayan a-kori-kura. Sabon da aka kawo yana zaure kusa da taga, bisa katako, rasit ɗinsa kuma na cikin gafakar da yake ajiye takardun gona.