Ruwa da Kacalla a Tsibiran Fadamar Haɗeja da Nguru

Idan kogi ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, gudunsa kan ragu, ya rarrabu rassa-rassa, ya bar tsibirai a tsakani. Irin wannan wuri shi masana ke kira delta. Galibi a bakin teku ake samunsa, kamar yankin Neja Delta, amma akwai na cikin ƙasa, kamar na kogin Kwara a Mali. Mafi kusa da ƙasar Hausa shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, a jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke ratsa tsoffin tuddan rairayi kafin su haɗu su nufi Tafkin Chadi. Da ambaliya ta zo a ƙarshen damina, sai waɗannan tuddai su koma tsibirai.

Tsirran tsibiran ba barkatai suke fitowa ba. Zurfin ruwa da daɗewarsa su ke raba wa kowane tsiro mazauninsa. A ruwa mai zurfi bado ke shimfiɗa ganye. A inda ruwa ke kwanciya na 'yan watanni sannan ya janye, burugu da shinkafa ke yin kyau. Gaba kaɗan sai giyayya da bagaruwa, masu jure ambaliya ta ɗan lokaci. A kan tudu kuwa goruba ce ke tsaye. Wato ke nan cikowa da janyewar ruwa su ne ginshiƙin wannan tsari.

Tsarin ya soma sauyawa bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, dukansu a Jihar Kano. Madatsun sun rage ƙarfin ambaliyar damina, sannan ana sakin ruwa da rani don noman rani da amfanin birane. Saboda haka wasu magudanan da a da kan bushe ƙarƙaf suka koma ba sa rabuwa da ruwa duk shekara.

Wannan yanayi shi ne ya buɗe wa kacalla ƙofa, wadda masana ke kira Typha. Ba baƙuwa ba ce a Afirka, sai dai a da bushewar rani ke taka mata birki. Tana yaɗuwa ta saiwa mai rarrafe a cikin laka, kuma kai ɗaya na iya fitar da ƙananan iri sama da 100,000 waɗanda iska ke ɗauka. Tsawonta kan kai mita 3, sai ta inuwantar da sauran tsirrai. Bugu da ƙari, idan ta yi duhu takan rage gudun ruwa, laka ta taru, magudana ta toshe. Haka ruwa ya riƙa karkata zuwa magudanar Marma da tafkin Nguru yana cinye gonaki, alhali ƙauyukan da ke kan magudanar Burum Gana na fama da ƙarancinsa. Masunta sun rasa hanyar kwalekwale, makiyaya sun rasa burugu, tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi kuma sun sami maɓoya.

Kacalla na da lago guda. Ganyenta cike yake da ƙananan ramuka da ke kai iska zuwa saiwa. In an yanke ta ƙarƙashin ruwa, saiwar kan shaƙe ta mutu. Ƙona ta kuwa ba ya kashe saiwar, shi ya sa take sake tohowa. Amma yanka kaɗai ba zai wadatar ba muddin magudanai ba sa bushewa. Magani mai ɗorewa shi ne a riƙa sakin ruwan madatsu ta yadda zai yi kama da tsarin damina da rani na asali.

Malamai a Gyallesu da sauran unguwannin Zariya na iya nuna wa ɗalibai wannan darasi a gaɓar kogin Kubanni ko bakin kududdufi: a ja igiya daga ruwa zuwa tudu, a rubuta tsirran da ke kowace mita, a maimaita da rani, sannan a kwatanta.