Kuɗin Burtali A Rusairis: Kada A Taɓa Su

'Yan'uwa fatake, sa ba ya ƙiba a kara, a makiyaya yake ƙiba. To ga makiyayar Rusairis kullum sai ƙanƙancewa take yi.

Abin ya daɗe. Tun da gwamnatin Numairi ta yi dokar 1970, wadda ta mai da duk ƙasar da ba ta da rajista mallakar hukuma, aka ƙara yanka dajin Agadi da Dali da Mazmum ana ba masu noman tarakta. Makiyayi ba ya da takarda, sai sanda. Madatsar ruwan Rusairis da aka gama a 1966, an ƙara mata tsawon mita 10 a 2013, ruwa ya cinye fadamun da shanu ke cin rani. Kafin nan, a 2011, Sudan ta Kudu ta ɓalle, hanyar kudu ta zama kan iyaka.

Abin da ya rage shi ne burtali, wanda a nan ake ce wa masar, da tafkunan hafir. Su ma ba sa tsare kansu. Sai an kafa turaku, an yashe tafki, an share hanyar tare gobara kafin ciyawa ta bushe. Duk kuɗi ne.

Kuɗin kuwa akwai su. Jangali da harajin kara muna biyan mahaliya kan kowane kai, wallahi har da rasit. Mun san yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya matse baitulmali, amma in an yanke kason burtali, damina ɗaya ta isa garma ta shige shi, kuma gonar da aka shuka ba ta komawa labi.

Roƙonmu ga shugabannin ƙungiya: su je Damazin su nemi a ware kason nan a rubuce, a riƙa karanta mana lissafinsa ranar kasuwa.