Takardar Nan, Don Wa Aka Yi Ta?

Wani ɗalibi a Zungeru ya same ni da 'yar takarda a hannu. An ba su aikin rubuta faɗakarwa kan zazzaɓin cizon sauro, kuma a saman shafin akwai gurbin da za a cike da Turanci, a faɗi waɗanda aka yi rubutun dominsu. Shi kuwa ya rangaɗa "general public", wato kowa da kowa, ya wuce abinsa. Na ce masa, "Ɗana, mu je kasuwa ka nuna mini kowa da kowa." Ga Banufe mai kifi, ga Bagwariya da kayan doya a kafaɗa, ga Bafillatana da ƙwaryar nono, ga injiniyan madatsar ruwa ya zo cefane. Da wanne daga cikinsu kake magana?

Kalmar da Turanci ya fi jawowa a nan ita ce "audience". Tushenta Latin ne, daga kalmar da ke nufin ji, don haka asalin ma'anarta masu sauraro. Daga baya aka yi ta jan ta har ta rufe mai kallon fim da mai karanta littafi. Hausa ba ta yi wannan gwamutsi ba: mai sauraro daban, mai kallo daban, mai karatu daban. In Bature yana son ya keɓe masu karatu kaɗai, sai ya ce "readership", kuma galibi jarida ko mujalla yake nufi, mutanen da suka saba saye suna karantawa.

Sai kalmomi biyu da ake liƙa wa "audience" a gaba. "Intended" na nufin wanda marubuci ya ƙudurta a ransa tun kafin ya ɗauki alƙalami. "Target" kuwa abin da maharbi ke saitawa ne, kuma 'yan talla suka fi riƙe ta. Mai sayar da sabulu ya yi amfani da ita, babu laifi. Amma ni dai kunnena ba ya son a kira uwar da ɗanta ke kwance da zazzaɓi abin hari, ko da kuwa ƙungiyoyin agaji sun mai da kalmar ruwan sha.

Wadda ɗalibai suka fi yi wa gurguwar fahimta ita ce "layman". Daga coci ta fito, tana nufin mabiyin da ba ya cikin malaman coci. Yau tana nufin duk wanda fannin da ake magana a kai ba nasa ba ne. Babban lauya ma haka sunansa yake in ya zauna gaban likita. Ba jahili ake nufi ba, kuma wanda ya ɗauke ta a haka zai yi rubutu da raini, mai karatu kuwa yana jin ƙanshin raini tun daga layin farko.

Garin nan da muke zaune ya san wannan magana tun da daɗewa. Daga 1902 zuwa 1916 Zungeru ce hedikwatar mulkin Turawa a Arewa. Umarce-umarcen da Gwamna Lugga ya riƙa rubutawa, waɗanda aka tattara a 1906, sunansu ma ya faɗi masu su: jami'an mulki da sauran ma'aikata. Razdan da Di'o ake yi wa magana. Talakan da za a karɓi harajinsa, shi ana maganarsa ne kawai. Abin da ya iso gare shi sai ya bi ta bakin tafinta, ya shiga wasiƙa zuwa fada, sannan sanƙira ya yi shela. Mutum ɗaya ya karanta, ɗaruruwa suka ji.

Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, nan gaba da Tegina, ya gane wannan sarai. Da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 yana editanta, masu karatun boko ba su da yawa. Wanda ya iya sai ya zauna a zaure ko gindin bishiya ya karanta da ƙarfi, sauran su kasa kunne. Masu karatunta kaɗan, masu sauraronta jingim, sai ga tsohuwar ma'anar kalmar "audience" ta dawo daidai wa daida. Shi ya sa Hausar Imam take zama a baki, ka karanta ba ka sarƙe ba.

Ɗalibin nan ya yi shiru, ya soke abin da ya rubuta. A gurbin ya sa: iyaye mata masu goyo, waɗanda ma'aikaciyar lafiya za ta karanta wa ranar awo. Da ya sake duba faɗakarwar tasa, sai ya ga jimlarsa ta farko layi huɗu ce, kuma har da sunan ƙwayar cutar da Latin. Ya ari birona ya fara yanka.