Abdulkarim, Bajamushen da ya ratsa ta Bichi

Wani manomi daga ƙasar Bichi ya aiko mana da takarda yana tambaya, wai da gaske ne wani Bature ya ratsa garinsu tun kafin zuwan Turawan mulki? To malam, gaskiya ne.

Sunansa Heinrich Barth, masanin labarin ƙasa da al'adun jama'a. An haife shi a birnin Hambug na Jamus a 1821. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar. Ya taso daga Tarabulus a 1850, yana kiran kansa Abdulkarim. Yana jin Larabci, ya kuma koyi Hausa a hanya. Ya biyo ta Agadas da Katsina, ya ratsa Kusada da Bichi, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo.

Me ya gani? Gonaki da shanu da ƙauyuka kusa da juna, har ya sa ƙasar Kano cikin mafi albarkar ƙasashen duniya. Ya ƙiyasta mutanen birni 30,000, suna ninkuwa lokacin zuwan fatake. Ya ce tufafin da ake saƙawa a rina a Kano suna kaiwa Timbuktu da Tarabulus, cinikinsu a shekara ya kai wuri miliyan 300. Bai kuma ɓoye cinikin bayi da ya tarar ba.

Amma ga abin lura, 'yan'uwa. A ganinsa, ƙarfin Kano shi ne sana'a tana cikin gida. Manomi ya noma auduga da baba, mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, kowa yana tare da iyalinsa. Ya ce wannan ya fi manyan masana'antun Turai da ke wulaƙanta ma'aikaci.

Ya koma Turai a 1855, ya wallafa labarin tafiyarsa cikin littafi biyar, ya rasu a Balin a 1865.

To, yau atamfar waje ta cika Kantin Kwari, marina da yawa sun mutu. Kai mai gona, kai ɗan kasuwa, sana'ar rani da ka gada ka koya wa yaranka, don ita baƙon nan ya gani ya kira arziki. Allah ya ba mu damina mai albarka. A ci gaba da aiko da takardu.