Muhawarar soke dokokin daidaiton intanet a Amurka: Wa ke da iko da hanyar?

A ranar 14 ga Disamba, 2017, kwamishinoni biyar na Hukumar Sadarwa ta Tarayyar Amurka, wadda aka fi sani da FCC, suka kaɗa ƙuri'a a birnin Washington kan dokokin da suka hana kamfanonin samar da intanet nuna bambanci tsakanin shafuka. Uku suka goyi bayan a soke dokokin, biyu suka ƙi. Sokewar ta fara aiki a ranar 11 ga Yuni, 2018, sai dai ba ta kashe maganar ba. An dawo da dokokin a 2024, kotu kuma ta sake rusa su a farkon 2025.

Tambayar da ake ta ja-in-ja a kanta mai sauƙin faɗa ce: shin kamfanin da ke sayar wa mutum data yana da hurumin zaɓar abin da zai iso wayarsa da sauri, da abin da zai iso a makare, da abin da ba zai iso ba sam?

Mene ne daidaiton intanet?

Duk abin da ke yawo a intanet, saƙo ne ko hoto ko bidiyo, ana gutsuttsura shi ne zuwa ƙananan ƙunsoshin bayanai, waɗanda ke bi ta wayoyi da turakun kamfanin sadarwa kafin su haɗu a na'urar mai karɓa. Kamfanin yana da na'urorin da za su iya gane inda ƙunshi ya fito da irin abin da yake ɗauke da shi. Saboda haka yana iya ba wani ƙunshi hanya, ya tsayar da wani.

Ƙa'idar daidaiton intanet ta ce kada kamfani ya yi amfani da wannan dama. Wani malamin shari'a mai suna Tim Wu ne ya raɗa wa ƙa'idar suna a wata maƙala da ya wallafa a 2003, amma tunanin ya daɗe a dokokin sufuri da na tarho. Mai jigilar jama'a ba ya ƙin ɗaukar fasinjan da ya biya kuɗin mota don kawai ba ya son wanda zai ziyarta, haka kuma kamfanin tarho ba ya katse kira don bai ji daɗin wanda ake kira ba.

Dokokin da FCC ta kafa a ranar 26 ga Fabrairu, 2015, a zamanin shugaba Barack Obama, lokacin da Tom Wheeler ke jagorantar hukumar, sun haramta abubuwa uku ƙarara. Na farko shi ne toshe shafi ko manhajar da ba ta saɓa wa doka ba. Na biyu shi ne rage saurin wani shafi da gangan. Na uku shi ne karɓar kuɗi daga wani kamfani domin a ba bayanansa fifiko a kan na sauran, abin da masu suka ke kwatantawa da keɓe wa mai kuɗi titinsa na musamman.

Abubuwan da suka jawo dokokin

Akwai dalilan da suka sa aka fara neman doka. A 2005, wani ƙaramin kamfanin tarho a jihar North Carolina mai suna Madison River ya toshe kiran waya ta intanet na kamfanin Vonage, wanda ke gogayya da shi, kuma ya biya dala 15,000 domin a rufe binciken FCC. A 2007 aka gano cewa Comcast, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin intanet na ƙasar, yana katsalandan ga masu musayar fayiloli ta BitTorrent. A 2012 kuma AT&T ya taƙaita amfani da kiran bidiyo na FaceTime ta hanyar data ga masu wasu tsare-tsaren biyan kuɗi kaɗai.

Sau biyu FCC ta yi yunƙurin tsawatarwa, sau biyu kuma kotu ta taka mata birki. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara da ke Washington ta ce hukumar ba ta nuna tana da ikon hukunta Comcast ba. A Janairun 2014 kotun ta sake rusa mafi yawan dokokin da hukumar ta kafa a ƙarshen 2010, bayan ƙarar da Verizon ya shigar.

Matsalar tana cikin dokar sadarwa ta 1934 ne, wadda aka yi wa babbar kwaskwarima a 1996. Dokar ta raba harkokin sadarwa gida biyu. Akwai hidimar isar da saƙo, irin ta tarho, wadda ke ƙarƙashin kashi na biyu na dokar, inda hukuma ke da iko mai faɗi. Akwai kuma hidimar bayanai, wadda ikon hukuma a kanta kaɗan ne. Tun farkon shekarun 2000 FCC ta sanya intanet mai sauri a gida na biyu, don haka kotu ta ce ba za ta ɗora masa nauyin gida na farko ba. Abin da Wheeler ya yi a 2015 shi ne ya mayar da intanet ƙarƙashin kashi na biyu na dokar, tare da tarho, kuma kotu ta amince da hakan a 2016.

Hujjojin masu neman sokewa

Da Donald Trump ya hau mulki a Janairun 2017, sai ya naɗa Ajit Pai shugaban FCC. Pai, wanda ya taɓa zama lauyan Verizon, yana cikin kwamishinoni biyun da suka ƙi dokokin 2015, kuma bai ɓoye aniyarsa ta soke su ba.

Hujjarsa ta farko ita ce intanet ya bunƙasa tun daga shekarun 1990 har zuwa 2015 ba tare da waɗannan dokoki ba, kuma a wannan lokaci ne Google da Amazon da Facebook suka taso. Ta biyu ita ce dokar da aka rubuta a 1934 domin kamfanin tarho mai cin karensa babu babbaka ba ta dace da fasahar zamani ba. Ta uku, wadda ya fi nanatawa, ita ce dokokin sun rage jarin da kamfanoni ke zubawa wajen shimfiɗa wayoyi, kuma mazauna karkara ne hakan ya fi cutarwa.

Kamfanonin sadarwa sun ƙara da cewa shafukan bidiyo irin su Netflix da YouTube suna cinye kaso mai yawa na hanyar da su suka kashe kuɗi suka gina, don haka bai kamata a hana su shirya ciniki da waɗannan shafuka ba. A tsarin da Pai ya kawo, an wajabta wa kamfani ya bayyana wa jama'a yadda yake tafiyar da hanyarsa, idan kuma ya yi yaudara, Hukumar Kasuwanci ta Tarayya ce za ta bi kadi.

Hujjojin masu kare dokokin

Masu adawa da sokewar, ciki har da kwamishinoni Mignon Clyburn da Jessica Rosenworcel, sun ce bayyana laifi ba ya hana aikata shi. A wurare da dama na Amurka, kamfani ɗaya ko biyu ne kawai ke samar da intanet mai sauri, saboda haka wanda aka cuta ba shi da wurin komawa.

Sun kuma nuna cewa manyan kamfanonin sadarwa sun mallaki kafofin watsa shirye-shirye. Comcast, alal misali, shi ke da NBCUniversal. Kamfanin da ke da hanya, yake kuma da kayan sayarwa a kan hanyar, yana da dalilin fifita nasa. Babban kamfani zai iya biyan kuɗin fifiko, amma sabon shiga, ko ƙaramar jarida, ko ƙungiyar sa kai, ba za su iya ba, kuma mai karatu ba ya jiran shafin da ke jan ƙafa. Game da batun jari, sun ce wasu shugabannin kamfanonin da kansu sun shaida wa masu hannun jari cewa dokokin ba su sauya shirinsu na kashe kuɗi ba.

Wani lamari da ya faru a 2018 ya ƙara wa muhawarar zafi. Yayin da 'yan kwana-kwana na gundumar Santa Clara ke yaƙi da wata gagarumar gobarar daji a Kalifoniya, Verizon ya rage saurin datar da suke amfani da ita, saboda sun wuce adadin da ke cikin tsarinsu. Kamfanin ya amsa cewa kuskure ne na sashen kula da abokan ciniki, kuma ba shi da alaƙa da daidaiton intanet. Masu kare dokokin suka ce abin lura shi ne, bayan sokewar, FCC ta rage wa kanta ikon sauraren irin wannan ƙorafi.

Ko ra'ayoyin jama'a da aka tattara kafin ƙuri'ar 2017 ba su tsira daga rikici ba. An aika wa FCC saƙonni fiye da miliyan 22. A 2021, ofishin babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ya gano cewa kusan miliyan 18 daga ciki na bogi ne. Fiye da miliyan 8.5 sun fito ne daga wani kamfen da kamfanonin intanet suka ɗauki nauyinsa, inda aka yi amfani da sunayen mutane ba da saninsu ba. Wani ɗalibi mai shekara 19 kuma shi kaɗai ya ƙirƙiri kimanin miliyan 7.7 masu goyon bayan dokokin.

Abin da ya biyo baya

A watan Mayun 2018 Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'a 52 da 47 domin dawo da dokokin, amma Majalisar Wakilai ba ta ɗauki batun ba. Daga nan jihohi suka shiga. Jihar Washington ta kafa tata dokar a Maris na 2018, Kalifoniya kuma ta kafa wadda ta fi tsauri a Satumba. A Oktoban 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta amince da sokewar da Pai ya yi, amma ta ce FCC ba ta da ikon hana dukkan jihohi yin nasu dokokin a dunƙule.

Hasashen da wasu suka yi cewa za a rarraba intanet ana sayar da kowane shafi da farashinsa bai tabbata ba. Magoya bayan Pai na kafa hujja da wannan. Abokan hamayyarsu na cewa dokar Kalifoniya, jihar da ta fi kowace yawan jama'a, da idon da jama'a suka sa, su ne suka sa kamfanoni suka yi taka-tsantsan.

A ranar 25 ga Afrilu, 2024, a zamanin Joe Biden, FCC ƙarƙashin Rosenworcel ta dawo da dokokin, da ƙuri'a uku da biyu kamar yadda aka saba. Wata biyu bayan haka, Kotun Ƙoli ta soke wata tsohuwar ƙa'ida ta 1984 wadda ta sa kotuna ke bin fassarar hukumomin gwamnati idan lafazin doka bai fito fili ba. Da wannan hukunci ne kotun ɗaukaka ƙara da ke Cincinnati ta dogara a ranar 2 ga Janairu, 2025, ta ce intanet hidimar bayanai ce, don haka FCC ba ta da hurumin kafa dokokin. Rosenworcel ta yi kira ga majalisa da ta rubuta ƙa'idar a cikin dokar ƙasa.

Nan ne tushen kwan-gaba-kwan-bayan yake. Majalisar Amurka ba ta taɓa yin doka takamaimai kan batun ba. An bar shi a hannun kwamishinoni biyar, waɗanda rinjayensu ke sauyawa da sauyin jam'iyyar da ke fadar White House.

Sauran ƙasashe da Najeriya

Wasu ƙasashen sun bi wata hanyar. Tarayyar Turai ta sanya ƙa'idar a cikin doka a 2015. A Fabrairun 2016 hukumar sadarwar Indiya ta haramta bambanta farashin data bisa ga shafin da ake shiga, matakin da ya kawo ƙarshen shirin Free Basics na Facebook a ƙasar, wanda ke ba da damar shiga wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta.

A cikin shekarar ce aka ƙaddamar da shirin a Najeriya tare da Airtel. Haka kuma masu amfani da waya a ƙasar nan sun saba da ƙunshin data mai rahusa wanda ke aiki a WhatsApp ko Facebook kaɗai. Irin wannan tsari yana sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi, amma yana karkatar da shi zuwa ga manyan shafuka, ya bar manhajar da matashin Kano ko Legas ya ƙirƙira tana jiran mai cikakkiyar data. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fitar da kundin ƙa'idojin intanet a 2019 wanda ya tanadi haƙƙin mai amfani na shiga duk shafin da doka ta halatta.

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Shekaru ashirin na shari'a a Amurka sun nuna cewa kariyar da ta tsaya a kan umarnin hukuma tana iya gushewa da ƙuri'ar mutum uku ko hukuncin kotu guda. A halin yanzu, mazaunin Kalifoniya yana da kariyar dokar jiharsa, yayin da mazauna jihohin da ba su yi doka ba suka dogara ga alkawarin kamfanonin da ke sayar musu da intanet.