Ci-rani da Kwamfuta a Chiang Mai

A arewacin ƙasar Tailan, kimanin kilomita 700 daga Bankok, akwai birnin Chiang Mai, wanda Sarki Mangrai ya kafa a shekarar 1296 ya mai da shi fadar daular Lanna. Har yau tsohon garin yana nan da kusurwa huɗu, gwalalo mai ruwa ya kewaye shi, ga sauran ganuwar jan bulo a bakin ƙofofi. Wanda ya fita ta yamma ya nufi gindin dutsen Doi Suthep zai faɗa unguwar Nimman, a nan ne kuwa zai ga abin da ya ƙara wa garin suna a 'yan shekarun nan: shagunan kofi cike da baƙi, kowa ya duƙufa kan kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, kunnuwa a toshe, ba mai ce wa wani uffan. Mai wucewa zai ɗauka 'yan yawon buɗe ido ne suke hutawa, alhali bakin aikinsu suke, mai biyansu kuma yana can Landan ko Balin ko Sidini.

Ɗan ci-rani yakan bar garinsu ya tafi inda kuɗi suke, ya matse bakin aljihu, ya aika gida. Waɗannan kuwa sun juya lissafin: kuɗin suna fitowa daga gida, su ne suka kwaso jiki suka zo inda kuɗin za su yi auki. A kan wannan tazara, tsakanin inda ake samu da inda ake kashewa, sana'ar duk ta dogara. Ranar da tazarar ta rufe, ranar za a naɗe tabarma.

Tunanin ya girmi yawancin masu yin sana'ar. Tun a 1997 wani injiniya ɗan Japan, Tsugio Makimoto, da wani ɗan jarida Bature, David Manners, suka fitar da littafi suna hasashen cewa na'ura za ta raba mutum da tilascin zaman ofis. A 2007 Ba'amurke Tim Ferriss ya wallafa nasa, wanda ya kwaɗaita wa dubban matasa cewa a karɓi albashi da dala a ci abinci da kuɗin da bai kai dala ƙarfi ba. A 2014 wani ɗan Holan mai suna Pieter Levels ya buɗe shafin Nomad List, inda ake jera birane bisa arahar zama da saurin intanet da yanayi, Chiang Mai kuwa ta daɗe a sahun gaba. Da annobar korona ta rufe ofisoshi a 2020, kamfanoni da yawa suka gane cewa aiki na tafiya ko ma'aikaci bai zo ba, sai ayarin ya ƙaru da masu albashin wata.

Abin da suke yi a gaban allon bai da wani abin al'ajabi. Akwai masu rubuta manhaja, su ne manyan gida wajen samu. Akwai masu zana shafukan intanet da tambarin kamfanoni, da masu tace bidiyo, da marubutan talla, da masu fassara, da masu koyar da Turanci ga yaran da suke wata ƙasa ta kyamara. Wasu suna da kamfani guda da suke wa aiki. Wasu kuma kullum sai sun fita farautar kwangila a dandali irin su Upwork da Fiverr, inda ake cire kamasho a kan duk abin da ya shigo, inda kuma tauraron da abokin ciniki ya ba ka shi ne jarinka. Abokin ciniki ɗaya ya fusata ya rage maki, sai a yi wata ana jin jiki.

Jarin farawa kaɗan ne a ido: kwamfuta mai lafiya, abin toshe kunne mai kashe hayaniya, layin waya na cikin gida daga AIS ko True, katin banki biyu don kada ɗaya ya maƙale, da asusun karɓar kuɗi irin Wise ko Payoneer. Babban jarin kuwa ba ya shiga jaka. Shi ne gwanintar da wani zai yarda ya biya ba tare da ya taɓa ganin fuskarka ba, da kuma iya tsare kai. Ba maigida a kanka, ba agogon shiga, ba abokin aiki da zai lura ka makara. Garin kuwa cike yake da abin ɗauke hankali, daga kasuwar dare zuwa magangarar ruwa a kan duwatsu. Masu daɗewa a sana'ar za ka tarar rayuwarsu ta fi ta ma'aikacin gwamnati tsari: teburi ɗaya, sa'a ɗaya, kullum.

Ga yadda lissafin wata yake tafiya. A 'yan shekarun nan dala ɗaya kan kama tsakanin baht 32 da 36. Ɗaki mai banɗaki da na'urar sanyaya iska ana samunsa daga wajen baht 5,000 zuwa 10,000 a wata, gwargwadon unguwa, kuma na Nimman ya fi na Santitham da ke maƙwabtaka da ita tsada. Hayar ƙaramin babur na wata kan kama baht 3,000 ko kusa da haka. Wanda ba ya son tuƙi sai ya tsai da jar a-kori-kura mai benci biyu a baya, wadda 'yan gari ke kira rot daeng, ya biya baht 30 a kai shi cikin gari. Kwanon abinci a bakin titi baht 50 zuwa 60. Kofi ɗaya a shagon da baƙi ke zama yakan fi kwanon abincin tsada, kuma a nan ne sabon zuwa yake fara zubar da kuɗi bai sani ba. Haka injin cirar kuɗi: duk lokacin da aka sa masa katin waje sai ya yanki fiye da baht 200, shi ya sa tsofaffin hannu suke cira da yawa a tashi ɗaya. Mai tsimi zai iya yin wata cur da abin da bai kai dala 1,000 ba, kuɗin da a Landan ba lallai su kama masa ɗaki ba.

Sai dai a ajiye wannan lissafi kusa da wani. A farkon 2025 mafi ƙarancin ladan yini a cikin birnin Chiang Mai baht 380 ne. Matar da ke wanke wa baƙo kaya a kan kilo, da yaron da ke haɗa masa kofi, da tsohuwar da ke tsaye gaban tukunya tun asuba, ƙarancin ladansu ne baƙon yake gani a matsayin araha. Ban ce zuwan baƙin sharri ne ba. Masu gidajen haya da masu shaguna da masu ba da babura sun ci moriya, kuma baƙon da ya zauna wata shida ya fi wanda ya kwana uku amfani ga unguwa. Amma ina ganin duk mai wannan sana'a ya kamata ya san a kafaɗar wa yake tsaye, ya kuma ji nauyin tsayawa yana ja-in-ja da mai abinci a kan baht 10.

Wahalar da ba a cika faɗa ba ita ce agogo. Tailan tana gaban Kano da sa'a 6, a lokacin sanyinsu kuma tana gaban Jamus da sa'a 6, tana gaban New York da sa'a 12. Wanda abokan cinikinsa suke Turai yana da sauƙi: safiyarsa tasa ce, ya yi aikin da ke son natsuwa, wajen ƙarfe 3 na yamma su farka a fara taro. Wanda yake wa 'yan New York aiki kuwa, ƙarfe 9 na safiyarsu ƙarfe 9 na darensa ne. Yakan kwana a gaban allo, ya yini yana barci, ya zama yana zaune a ƙasa mai rana amma bai cika ganinta ba. Saboda irinsu ne wasu wuraren aiki na haɗaka suke buɗe dare da rana. Punspace, wanda aka buɗe a 2013, yana cikin na farko: ka biya kuɗin yini ko na wata, a ba ka kujera da intanet mai ƙarfi da ɗakin yin kira. A saman kantin Maya ma akwai wani babban zaure, CAMP, inda ɗaliban jami'ar garin da baƙi suke zama kafaɗa da kafaɗa.

A irin waɗannan wurare ake koyon sana'ar, tunda ba ta da makaranta kuma ba ta da sarki. Wanda ya riga ka zuwa shi zai nuna maka yadda ake rubuta takardar neman kwangila, da yadda ake karɓar rabin kuɗi kafin a fara aiki, da yadda ake sallamar abokin cinikin da ba ya gajiya da gyara. A nan kuma ake haɗuwa da masu cin kasuwar sababbin zuwa. Akwai lokacin da garin ya cika da masu sayar da darussan yadda za a yi arziki ta hanyar tallata kayan Sin a intanet ba tare da an taɓa kayan ba, kuma da yawansu darasin ne kaɗai hajarsu. Saurayi ya sayar da motarsa ya zo da guzurin wata shida, ya biya kuɗin darasi, guzuri ya ƙare, ya koma gida shiru. Ba a ganin hoton irinsa a Instagram. Shawarar da masu gaskiya a cikinsu suke bayarwa guda ce: ka samo abokan ciniki tun kana gida, kafin ka sayi tikiti.

Shekaru da dama sana'ar tana tafiya ne a gefen doka. Dokar Tailan ta hana baƙo aiki ba da izini ba, su kuwa suna shigowa da bizar yawon buɗe ido. A da, idan kwanaki suka kusa cika, sai a hau mota zuwa Mae Sai a tsallaka gada a shiga Myanmar a juyo da sabon hatimi, ko a tafi Vientiane ta ƙasar Laos a nemo wata bizar. A 2014 jami'an shige da fice sun taɓa dira a Punspace suka kwashi baƙin da ke ciki zuwa ofis, daga baya suka sake su. Sai a watan Yulin 2024 gwamnati ta fito da biza ta musamman da ake kira DTV: tana aiki shekara 5, kowace shiga a zauna kwana 180, kuɗinta baht 10,000, amma sai mutum ya nuna yana da baht 500,000 a banki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ga kuma haraji: wanda ya kwana 180 a ƙasar cikin shekara ɗaya ya zama mazauni a idon hukumar haraji, kuma daga farkon 2024 an tsaurara ƙa'ida a kan kuɗin waje da irinsa yake shigowa da su.

A nan ne maganar take taɓa mu. A watan da aka fito da waccan biza, Tailan ta yafe wa 'yan ƙasashe 93 biza na kwana 60. Babu Nijeriya a ciki, babu Nijar. Matashin Kano ko Zinder da ya iya rubuta manhaja daidai da takwaransa na Jamus, sai ya nemi biza da tarin takardu, shi kuwa Bajamushen ba ya buƙatar biza kafin ya shigo. Ana yawan cewa intanet ta share iyakoki, kuma gaskiya ne aikin yana tsallake su cikin ƙiftawar ido, amma mai aikin har yanzu launin fasfonsa ake fara dubawa. Wanda Allah ya nufa ya isa, ba zai rasa masallaci ko abincin halal ba. Garin yana da tsohuwar al'ummar Musulmi 'yan asalin Yunnan ta ƙasar Sin, waɗanda kakanninsu fatake ne masu ayarin alfadarai, kuma masallacinsu na Ban Haw yana kusa da kasuwar dare. A layin masallacin ana sayar da khao soi, taliyar ƙwai cikin romon kwakwa da kori, an barbaɗa soyayyiyar taliya a sama, abincin da garin ya fi alfahari da shi, wanda kuma ake danganta asalinsa da waɗannan fatake.

Haɗarin da ya fi kusa da mai wannan sana'a kuwa shi ne babur. Tailan tana cikin ƙasashen da suka fi yawan mutuwa a kan hanya, kuma mafi yawan mamatan a kan babur suke. Baƙo da bai taɓa tuƙi ba sai ya karɓi makulli ranar da ya sauka, ga shi ana bin hannun hagu. Idan ya faɗi ba shi da lasin babur, kamfanin inshora yakan zame, kuɗin asibiti ya cinye ajiyar shekara. Da damina kuma ga zazzaɓin dengi da sauro ke kawowa.

Shekarar sana'ar tana bin iska. Daga Nuwamba zuwa Janairu gari ya yi sanyi-sanyi, sama ta washe, ɗakuna su cika. Daga Fabrairu kuwa sai a fara ƙona karan masara da ciyayin daji a tsaunukan arewa da na Myanmar da Laos. Chiang Mai tana cikin kwari ne, duwatsu sun kewaye ta, hayaƙin ba ya samun mafita. A Maris da Afrilu akan wayi gari ba a ganin Doi Suthep sam, kuma an sha samun ranakun da ma'aunan iska suka sa garin a kan gaba cikin biranen duniya mafi gurɓata. A lokacin ne masu kwamfuta suke rufe ta su sa a jaka, su nufi tsibiran kudu kamar Ko Lanta, ko Da Nang ta Biyetnam, ko Bali, sai ruwa ya sauka su dawo. Mai wanki da mai kofi da direban jar mota suna nan, da ƙyalle a hanci, ciniki ya ja baya, yara suna tari. A watan Afrilun 2023 mazauna garin kimanin 1,700 suka kai firaminista da hukumomin muhalli ƙara a kotun gudanarwa ta Chiang Mai saboda sakaci da hayaƙin, kuma a Janairun 2024 kotun ta ba gwamnati kwana 90 ta fito da shirin gaggawa.