BABI NA HUƊU: ƘARI DA MATSALOLIN WARKEWARSA A LOKACIN JEGO

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin naƙuda da aikin ungozoma, tun daga fashewar faya har zuwa faɗowar mabiyiya da yanke cibiya. A wannan babi kuwa za a dubi wani rauni da mata da yawa kan samu wajen haihuwa, wanda ba kasafai ake maganarsa a fili ba, wato ƙari. Za a kawo ma'anarsa da matakansa da abubuwan da ke haddasa shi, sannan a auna yadda Hausawa ke jinyarsa a gargajiyance da abin da likitancin zamani ya tabbatar.

4.1 Ma'anar Ƙari

Ƙari shi ne yagewar fata ko tsokar da ke tsakanin gaban mace da dubura a lokacin da kan jariri ke fitowa. Kalmar ta samo asali ne daga aikatau "ƙara", kuma sakayawa ce irin ta Bahaushe, wanda ba ya son ambaton al'aura kai tsaye. Idan wurin ya yage da kansa akan ce "ta ƙaru". Idan kuwa ma'aikaciyar asibiti ce ta yanka wurin da almakashi don faɗaɗa hanya, sai a ce "an yi mata ƙari". A da, asibitoci da yawa kan yi wa kusan duk mai haihuwar fari wannan yanka, amma a shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar da shawarar a daina yin sa ga kowa da kowa, sai in akwai larura.

4.2 Matakan Ƙari

Likitoci sun kasa ƙari kashi huɗu gwargwadon zurfinsa:

(i) Mataki na ɗaya: fata ce kawai ke tsagewa. Sau da yawa yakan warke ko ba ɗinki.

(ii) Mataki na biyu: yagewar ta kai ga tsoka. Wannan yana bukatar ɗinki, kuma ana iya yin sa a ɗakin haihuwa bayan an yi allurar kashe zafi.

(iii) Mataki na uku: yagewar ta taɓa tsokar da ta kewaye dubura, wadda ita ce ke riƙe bayan gida da iska.

(iv) Mataki na huɗu: yagewar ta ratsa wannan tsoka har ta kai cikin dubura.

Matakai biyun ƙarshe su ne masu haɗari, domin gyaransu sai ƙwararren likita a ɗakin tiyata, tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na tausasa bayan gida.

4.3 Abubuwan da ke Haddasa Ƙari

Daga cikinsu akwai haihuwar fari, da girman jariri musamman in ya haura kilo 4, da fitowar kai da gaggawa, da daɗewa ana nishi, da kuma jawo jariri da na'ura. Haka kuma tabon kaciyar mata ko na yankan gishiri yakan hana fata miƙewa yadda ya kamata. Yankan gishiri, wanda wanzami ko ungozoma kan yi da aska a cikin gaban mace idan naƙuda ta yi tsawo, shi kansa rauni ne da ke iya kaiwa ga mafitsara ko dubura.

4.4 Jinyar Ƙari a Gargajiyance

Bahaushe ya ɗauki mai jego a matsayin wadda jikinta yake ɗanye, kuma babban abokin gabanta shi ne sanyi. Saboda haka dukkan jinyar jego a kan zafi aka gina ta, ana kiran ta gashi. Ga al'ada, mai haihuwar fari takan koma gidan iyayenta, inda uwa ko kaka ko gwaggo ke tsaya mata har ta yi arba'in. Hanyoyin da suka shafi ƙari su ne:

Wankan jego: ana tafasa ruwa, a riƙa tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya ana fyaɗa wa jiki, safe da yamma.

Shiga ruwa: bayan wanka mai jego takan zauna cikin ruwan zafi a kwatarniya ko roba, wani lokaci da gishiri ko dafaffiyar bagaruwa, don wurin ya tsuke ya haɗe.

Abinci: ana ba ta kunun kanwa da kauri da farfesun ƙafar saniya da yajin jego, don ta mayar da jini kuma nono ya zo.

Idan aka auna waɗannan da ilmin likitanci za a ga akwai na riƙewa, akwai na gyarawa. Hutun da mai jego ke samu, da tsaftar wurin sau biyu a rana, da cin nama, duk suna taimaka wa rauni ya haɗe. Zama cikin ruwa mai ɗumi ma likitoci sun yarda yana rage raɗaɗi. Inda gizo ke saƙa shi ne tsananin zafin ruwan, domin tsofaffi na ganin in bai ƙona ba bai yi aiki ba, alhali ƙuna a kan sabon ɗinki wani rauni ne a kan rauni. Haka nan cusa garin magani ko wani haɗi a cikin wurin yana iya shigar da ƙwayoyin cuta. Game da kanwa kuwa, binciken da likitoci Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawaitar ciwon zuciya ga masu jego da shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta.

Babban abin lura shi ne, ruwan zafi ba ya haɗa tsokar da ta rabu. Ƙaramin ƙari na iya warkewa da gashi, kuma wannan ne ya sa aka yi imani da shi. Amma tsokar dubura in ta tsinke, bakunanta biyu janyewa suke yi, ko an shekara ana shiga ruwa ba za su haɗu ba sai da ɗinki.

4.5 Matsalolin Warkewa

Ƙarin da aka ɗinke da wuri yakan haɗe cikin 'yan makonni, kuma zaren da ake amfani da shi narkewa yake yi da kansa, ba sai an cire ba. Duk da haka akan sami matsaloli kamar haka:

Ruɓewar rauni: alamominta su ne zazzaɓi da kumburi da wari da fitar mugunya, da zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Kusancin wurin da dubura da zubar jinin biƙi ne ke sa ƙwayoyin cuta saurin samun wurin zama. Shi ya sa ake son a riƙa sauya ƙunzugu a kai a kai, a yi tsarki daga gaba zuwa baya, a kuma tsane wurin.

Warwarewar ɗinki: galibi ruɓewa ce ke jawo ta, ko yunƙurin bayan gida mai tauri. Yawan shan ruwa da cin ganye irin su zogale da alayyafo da 'ya'yan itace kamar gwanda na rage wannan. Ƙarancin jini da ciwon sukari su ma suna jinkirta warkewa.

Kasa riƙe iska ko bayan gida: wannan ita ce mafi muni, kuma tana biyo bayan mataki na uku ko na huɗu da ba a gane ba ko ba a ɗinke daidai ba. Wani lokaci ƙofa kan ɓulle tsakanin dubura da gaba, bayan gida ya riƙa fitowa ta gaba. Ya kamata a bambance wannan da yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda ce ta fi haddasa shi, ko da yake mace ɗaya na iya haɗa biyun. Ana gyara irin waɗannan raunuka a cibiyoyi kamar asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya soma wannan aiki a shekarun 1980, da kuma asibitin Murtala Muhammad na Kano.

Zafi wajen saduwa: tabo mai tauri ko komawa shimfiɗar miji kafin rauni ya haɗe kan jawo shi. Cikar arba'in ko ɗaukewar jinin biƙi ba su ne ma'aunin warkewa ba, musamman ga mai babban ƙari, wadda ake so likita ya sake duba ta tsakanin mako 6 zuwa 12 da haihuwa.

4.6 Tasirin Kunya

Kunya ado ce ga 'ya mace a wurin Bahaushe, kuma ana yaba wa wadda ta daure wa naƙuda ba ta yi raki ba. Sai dai wannan dauriya kan zarce har cikin jego. Yarinyar da ke jin nauyin ambaton sunan ɗanta na fari, da wuya ta iya buɗe baki ta gaya wa uwarta ko mijinta cewa ba ta iya riƙe iska. Sai ta janye daga biki da suna, ta shiga waswasi game da alwala da salla, har ta kai ga rashin jituwa da miji, wani lokaci ma mutuwar aure, a kan abin da tiyata ke iya gyarawa. Alhali Hausawa da kansu sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nauyin tambaya a nan ya fi rataya a wuyan mai yi mata wanka, domin ita ce ke ganin wurin kullum.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ƙari mataki-mataki ne, kuma jinyar gargajiya na amfanar ƙaraminsa idan an sassauta zafin ruwa, amma ba ta isa ga babbansa ba. Don haka ya dace duk wadda ta haihu, ko a gida ne, ma'aikaciyar lafiya ta duba ta a ranar, kuma a koya wa ungozomomi da masu wankan jego alamomin da ke wajabta garzayawa asibiti. Babi na gaba zai yi magana a kan shayarwa da al'adun da suka shafi nonon fari, wato dakashi.